Muhawara: Littattafan Yara Masu Hotuna Kan Matan da Suka Share Fagen Ilimin Yanayi

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanwata da ke karatu a ƙasar waje ta aiko wa 'yan biyuna, masu shekara takwas, wani littafin Turanci mai hotuna, sunansa Breaking Through the Clouds, wanda Sandra Nickel ta rubuta, Helena Perez Garcia ta yi masa zane, ya kuma fito a 2022. Labarin Joanne Simpson ne, wadda ta zama mace ta farko a Amurka da ta samu digirin digirgir a ilimin yanayi, a Jami'ar Shikago a 1949. Daren jiya muna tsakar gida ina karanta musu ina fassarawa, sai hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kwasar kwanuka da tabarmi, muka tattara kayanmu muka shige ɗaki. Hassana ta ƙi barin bakin taga, tana kallon yadda walƙiya ke haska cikin gajimare, can sai ta juyo ta ce da ni, "Mama, shi wannan hadarin namu wace ce take auna shi?" Na rasa amsar da zan ba ta, kuma tun daga lokacin maganar take ci mini tuwo a ƙwarya. Ina so masu ilimi a cikinmu su gaya mini ko akwai irin waɗannan littattafai a kan wasu matan, da kuma ko suna ganin ya dace a kawo su cikin Hausa.

Ɗalibar Fiziks:
Wa alaikumus salam Anti. Tambayar Hassana ta fi ƙarfin shekarunta, kuma abin daɗin shi ne ita kanta Joanne Simpson tana cikin amsar. An haife ta a 1923, ta koyar da ilimin yanayi ga matasan da ake horarwa don aikin jiragen sama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma da yaƙin ya ƙare ta nemi ci gaba da karatu sai aka nuna mata cewa ba a sa ran mace a wannan fage. Da ta zaɓi nazarin gizagizai, babban malaminta Carl-Gustaf Rossby ya ɗauki batun a matsayin ƙaramin abu da ya dace da yarinya, domin a wancan zamani masana suna ganin gajimare sakamakon yanayi ne kawai, ba ya haifar da komai. Ta shiga jirgin sama tana ratsa gizagizai a saman teku, tana ɗaukar hotunansu tana auna zafi da laimar da ke cikinsu. A 1958 ita da Herbert Riehl suka bayyana cewa dogayen gizagizan hadari na yankuna masu zafi su ne ke kwasar zafi daga kusa da ƙasa su kai shi can ƙololuwar sararin sama, kilomita 15 ko fiye, daga nan iska ta rarraba shi zuwa sauran sassan duniya. Sun kira su hasumiyoyi masu zafi. Irin wannan gajimaren ne Hassana ta gani ta taga. Daga baya Simpson ta koma NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta jagoranci ɓangaren kimiyya na tauraron ɗan'adam mai suna TRMM, wanda Amurka da Japan suka harba a 1997 don auna ruwan sama a yankuna masu zafi, ya yi aiki har zuwa 2015, kuma Najeriya da Nijar suna cikin faɗin da yake dubawa. Saboda haka kina iya gaya wa Hassana cewa matar da ke cikin littafinta ta sa hannu a na'urar da ta shafe shekaru tana auna daminarmu daga sama.

Abban Yara:
Ina yi wa kowa sallama. Ba na ƙin ilimi, kuma 'ya'yana mata uku duk suna makaranta, amma ina da ja a kan wannan magana. Da farko, yaranmu da yawa suna kai aji huɗu ba su iya karanta jimla ɗaya da Hausa ba, don haka ina ganin zancen matan Amurka masu nazarin gajimare gini ne ba a kan tushe ba. Na biyu, na taɓa duba wannan littafin a hannun wani abokina, kuma tun daga shafukan farko an nuna cewa mahaifiyar yarinyar ba ta damu da ita ba, shi ya sa take tafiya ita kaɗai a kwalekwale tana kallon sama. Ni a tarbiyyar da aka yi mini, ba na jin zan iya zaunar da 'yata in karanta mata littafin da ya buɗe da laifin uwa. Abu na uku kuwa, na lura irin waɗannan littattafai duk tafiyarsu ɗaya ce: maza sun ce ba za ta iya ba, ta dage, ta iya. Yarinya takan gama karantawa ta riƙe cewa an zalunci wata mata, amma idan ka tambaye ta me matar ta gano sai ta yi shiru.

Malamar Firamare:
Malam Abban Yara, maganarka ta uku gaskiya ce tsantsa, kuma ita ce ma'aunin da nake bi idan zan zaɓi littafi: in yaro ya rufe shi, shin ya san wani abu game da sama wanda bai sani ba da safe? Amma a maganarka ta farko ban bi ka ba. Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyarwa a aji uku a nan Katsina, kuma abin da na gani da idona shi ne yaran da ba su iya karatu ba, rashin abin karantawa mai jan hankali yana cikin manyan dalilan. Yaro ba ya wahalar da kansa wajen haɗa baƙaƙe sai in akwai abin da yake ɗokin sani a ƙarshen layin. Yanayi kuwa babu ɗan Bahaushen da bai damu da shi ba, domin yana jin iyayensa suna zancen ruwan shuka da marka da fari tun kafin ya yi wayo. Da na karanta bayanin ƙanwarmu Ɗalibar Fiziks a kan hasumiyoyi masu zafi, nan take na tuna da Hasumiyar Gobarau, wadda tsayinta bai wuce kimanin mita 15 ba. Idan na ce wa ɗalibaina gajimaren hadari yana iya kai tsayin Gobarau sau dubu an ɗora ɗaya a kan ɗaya, na san ajin zai yi tsit, kuma washegari za su dawo da tambayoyi. Batun uwa kuma, na fahimci damuwarka ƙwarai. Ni ma ba zan karanta wannan shafin ga 'yan aji ɗaya ba. Sai dai a cikin ajina akwai marayu, akwai waɗanda ake riƙo a gidajen da ba a kula da su, kuma irin waɗannan yara ba su cika ganin kansu a littafi ba.

Abban Yara:
Malama, na karɓi misalin Gobarau, ya shige ni. Batun uwa dai ina nan a kan bakata, amma na yarda cewa kin fi ni sanin yaran da ke gabanki.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, domin wannan aikin shi na ci abinci da shi fiye da shekara talatin a tashar duba yanayi ta wani filin jirgin sama. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, kafin a zo ga hasashen da ake karantawa a rediyo, akwai wanda ya fita cikin sanyin hunturu da asuba ya buɗe wani farin akwatin katako mai tsaga-tsaga a jikinsa, wanda aka kafa a kan ƙafafu a fili. A ciki akwai ma'aunin zafi guda biyu a jere, ɗaya an naɗe masa gindi da ƙyalle mai jiƙe da ruwa, kuma bambancin da ke tsakanin karatun biyun shi ke gaya mana yawan laimar da ke cikin iska. A watan Janairu tazarar takan yi faɗi sosai, ƙyallen ya bushe kafin ka juya, a watan Agusta kuwa sai su kusa haɗewa. Muna da wata ƙwallon gilashi da ke tattara hasken rana ta ƙona layi a jikin kati, da yamma mu cire katin mu auna tsayin ƙunar, mu san awa nawa rana ta haska. Mukan saki balan-balan mu bi shi da madubin hangen nesa don sanin inda iskar sama ta dosa. Kusan duk waɗannan kayan daga waje ake kawo mana su, kuma idan gilashi ɗaya ya fashe sai mu yi watanni muna jira.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, macen da ta fi burge ni a duk tarihin aikinmu ba Baturiya ba ce, 'yar Indiya ce mai suna Anna Mani. An haife ta a 1918 a yankin da yanzu ake kira Kerala. Ta yi bincike a kan lu'ulu'u a ƙarƙashin C. V. Raman, wanda ya ci kyautar Nobel, ta rubuta kundin digirin digirgir amma aka hana ta digirin saboda ba ta da digiri na biyu. A 1945 ta tafi Landan ta ƙware a kan na'urorin auna yanayi, ta dawo a 1948 ta kama aiki da hukumar yanayi ta Indiya a birnin Pune, shekara ɗaya bayan ƙasar ta samu 'yancin kai. A lokacin su ma daga waje suke sayen kayan aiki kamar mu. Ita ce ta tsaya ta daidaita zanen na'urori kusan 100 don a riƙa ƙera su a gida, ta kafa tashoshin auna hasken rana, ta kuma jagoranci ƙera na'urar da ake ɗaura wa balan-balan don auna iskar ozon, mai tare kaifin hasken rana, a can sama. Ta yi ritaya a 1976 tana mataimakiyar babban daraktan hukumar, ta rasu a 2001. Duk wanda ya taɓa zama yana jiran gilashi daga Ingila ya san girman abin da matar nan ta yi. Idan za a ba jikokina labarin mace ɗaya, ita nake so a fara da ita.

Mai Fassara daga Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ka kawo mu daidai inda nake so. Akwai littafin yara mai hotuna a kan Anna Mani, sunansa Anna's Extraordinary Experiments with Weather, Nandita Jayaraj ce ta rubuta, Priya Kuriyan ta zana, kamfanin Pratham Books na Indiya ya wallafa. Muhimmin abu a gare mu shi ne yana kan dandalinsu na StoryWeaver da lasisin da ya yarda kowa ya fassara, ya buga, ya raba, muddin ya ambaci sunayen masu aikin na asali. Wannan ya bambanta shi da littafin da ke hannun Maman 'Yan Biyu, wanda ba za a taɓa shi ba sai da izinin mawallafa. A cikin tarihin Anna akwai wurin da na san zai kama yaranmu: ranar da ta cika shekara takwas aka so a ba ta 'yan kunnen lu'ulu'u kamar yadda ake yi a gidansu, sai ta roƙi a saya mata kundin ilimi na Britannica a maimakonsu. Duk yarinyar da ta taɓa jiran ɗan kunnen sallah za ta gane nauyin wannan zaɓi ba tare da an yi mata dogon bayani ba.

Mu a nan Nijar matsalarmu ninki biyu ce, domin littattafan da Turanci suke, yaranmu kuma Faransanci suke yi a lakwal, saboda haka Hausa ce kaɗai gadar da za ta haɗa mu da ku a kan wannan. Abin da ke ba ni takaici shi ne a Yamai muke da cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa da noma, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya halaka dabbobi da mutane a Sahel, a Yamai kuma cibiyar ACMAD take, mai kula da hasashen yanayi don nahiyar Afirka, amma yaro zai gama firamare a Damagaram ko Maraɗi bai taɓa jin cewa auna ruwa da iska sana'a ce da mutum ke iya yi ba.

Malamar Firamare:
Malam Mai Fassara, wannan albishir ne. Amma ina roƙon kada a yi mana irin fassarar da ake ɗora kalmar Hausa a kan kowace kalmar Turanci. Muna da hadari da gajimare da girgije, muna da yayyafi da marka da ruwa kamar da bakin ƙwarya, muna da hazo da raɓa da ƙanƙara, kuma kowace da wurinta. Littafin da zai kira komai "gajimare" daga farko har ƙarshe ya talauta harshen yaro. Sannan shekarar waɗancan ƙasashe ba irin tamu ba ce, tamu bazara ce da damina da kaka da hunturu, don haka duk inda aka yi zancen lokutan shekara sai an yi hattara.

Ɗalibar Fiziks:
Ina so in koma kan maganar Malam Abban Yara ta uku, domin akwai matar da labarinta ya fi kowanne faɗawa cikin wannan tarko, wato Eunice Newton Foote. An haife ta a 1819, ta zauna a garin Seneca Falls na jihar New York, kuma tana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar neman 'yancin mata a taron da aka yi a garin a 1848. A 1856 ta ɗauki bututun gilashi guda biyu, ta sa ma'aunin zafi a cikin kowanne, ta yi amfani da famfo tana cire iska ko ƙara ta, sannan ta ajiye su a rana. Ta gwada busasshiyar iska da mai laima, ta ga mai laima ta fi ɗaukar zafi. Ta cika ɗaya da iskar kabon, irin wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, sai ta ga ya fi kowanne zafi, ya kuma fi daɗewa kafin ya huce. Daga nan ta rubuta cewa da iskar duniya za ta ƙunshi wannan iska da yawa, da duniya ta ƙara zafi. A taron ƙungiyar masana kimiyya ta Amurka da aka yi a Albany a wannan shekarar, wani masanin kimiyya mai suna Joseph Henry ne ya karanta takardarta, ba ita ba. Shekara uku bayan haka, a 1859, masanin kimiyya John Tyndall ya yi nasa gwajin a Landan, sunansa ya shiga littattafai, nata kuwa ya ɓace har sai da wani masanin ƙasa mai ritaya, Raymond Sorenson, ya tono shi a 2011.

Sau da yawa ina ganin ana yaɗa wannan labari a intanet da cewa Tyndall sace mata aiki ya yi, ko kuma an hana ta magana a taron don mace ce. Babu tabbatacciyar hujja cewa Tyndall ya karanta takardarta, kuma ƙungiyar tana da mace a cikin membobinta tun 1850. Bayan haka gwajin nasu ba ɗaya ba ne. Ita ta auna yadda iska ke yin zafi a cikin hasken rana, shi kuwa da kayan aikinsa masu inganci ya nuna cewa iskar kabon tana tsare zafin da ba a gani da ido, irin wanda ƙasa ke mayarwa sama, kuma wannan ne ainihin abin da ke ɗumama duniya. Gaskiyar kaɗai ta isa abin mamaki: mace a gidanta, da gilashi biyu da famfo, ta riga kowa danganta yawan iskar kabon da zafin duniya, aka kuma manta da ita shekara 155. Idan muka ƙara wa labarin gishiri don ya fi daɗi, ranar da yarinyar ta girma ta gano an ƙara, za ta yi shakkar sauran duka.

Abban Yara:
'Yata, wannan ita ce irin maganar da nake nema. Idan da haka za a rubuta, da gilashin da famfon da abin da aka gani, ni da kuɗina zan saya. Amma bari in kawo wani abu da na san zai taso a gidaje da yawa. Ɗana ya taɓa dawowa gida yana cewa an gaya masa masu hasashen ruwa shiga sanin gaibu suke yi. Idan littafin ya shiga hannun iyaye masu wannan fahimta, ƙarƙashin katifa zai ƙare.

Malamin Islamiyya:
Malam Abban Yara, tambayar tana da muhimmanci, kuma gara a amsa ta tun kafin a buga littafin. Aya ta ƙarshe a Suratu Luƙman ta tabbatar da cewa Allah ne ke saukar da ruwa, kuma babu Musulmin da ke jayayya da haka. Amma Alƙur'ani da kansa ya ja hankalinmu ga yadda abin ke faruwa: a Suratur Rum aya ta 48 an ambaci iskoki da ke tayar da gajimare a shimfiɗa shi a sama, a Suratun Nur aya ta 43 kuma an ambaci kora gajimare da haɗa shi da tara shi har ruwa ya fito daga tsakaninsa. Manomin da ya dubi gabas ya ga baƙin hadari, ya ji iska ta canza, ya ce wa 'ya'yansa su kwashe shanya, babu wanda ya ce ya yi duba, alamu ya karanta. Abin da Baba ya bayyana mana na ma'aunai da balan-balan wannan karatun alamun ne da kayan aiki, kuma shi ya sa ake kiransa hasashe, yana dacewa yana kuskurewa. Shawarata ga masu fassara ita ce su riƙe kalmar hasashe, su guji duk lafazin da ke nuna yanke hukunci a kan gobe. Game da karatun mata kuwa, al'ummar da ta fitar da Nana Asma'u ba ta da dalilin jin baƙunta idan ta ga mace da alƙalami.

Baba Mai Ritaya:
Malam ya faɗi gaskiya. Duk tsawon aikina ban taɓa sa hannu a takardar hasashe ba tare da na ce in Allah ya so a zuciyata ba, kuma wannan bai hana ni karanta ma'auni daidai ba.

Mai Zane:
An yi ta zancen kalmomi, bari in yi zancen hotuna, tunda a littafin yara hoto ne ke ɗaukar rabin labari. Yaron da bai iya karatu ba hoton yake karantawa, kuma yana lura da abin da babba ba ya gani. Idan aka zana gajimare kamar tarin auduga a kowane shafi, an ɓata darasin Simpson gaba ɗaya, domin aikinta a kan bambancin gizagizai yake. Gajimaren hadari yana da siffarsa: gindinsa baƙi ne a shimfiɗe, jikinsa yana tasowa kamar curin fura a kan curi, kansa kuma idan ya kai inda ba zai iya wucewa ba sai ya baje gefe kamar maƙera. Duk wanda ya tsaya a bayan gari da la'asar a watan Yuli ya ga wannan. Haka nan na'urorin da Baba ya lissafa, ya kamata a zana su yadda idan yarinya ta gan su a zahiri za ta gane su.

Akwai kuma batun fuskar da yaro ke gani. Har yanzu ba a ambaci June Bacon-Bercey ba, baƙar fata 'yar Amurka da aka haifa a 1928 a jihar Kansas, wadda ta yi digirinta na ilimin yanayi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1954. Ta gabatar da hasashen yanayi a talabijin a birnin Buffalo, kuma a 1972 ta zama mace ta farko, baƙar fata ta farko, da ƙungiyar masana yanayi ta Amurka ta ba shaidar ƙwarewa a wannan aiki. A 1977 ta ci dala 64,000 a wata gasar kacici-kacici ta talabijin, ta sa kuɗin a asusun tallafa wa mata masu karatun yanayi. Na san yadda ƙanwata ke tsayawa a kan shafi idan ta ga fatar da ta yi kama da tata, takan sa yatsa a kan hoton ta daɗe ba ta juya ba.

Mai Fassara daga Damagaram:
Tunda an zo nan, kada mu tsaya a kan waɗanda suka rasu. Agnes Kijazi ta shugabanci hukumar yanayi ta Tanzaniya, aka kuma zaɓe ta mataimakiyar shugaba ta uku a Hukumar Yanayi ta Duniya a 2019. Aïda Diongue-Niang ta Senegal masaniyar yanayin yankinmu ce na Afirka ta Yamma, kuma a 2023 aka zaɓe ta cikin shugabannin kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita kanta Hukumar Yanayi ta Duniya sai a Janairun 2024 ta samu mace ta farko a kujerar babban sakatare, wato Celeste Saulo ta Ajantina. Fassara mataki ne na farko kawai. Littafin da nake mafarkin gani shi ne wanda aka rubuta da Hausa tun daga tushe, a kan macen da ke fita da safe tana karanta ma'aunin ruwa a wata tasha ta NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ko ta hukumar yanayi ta Nijar, da izininta da kuma bakinta.

Baba Mai Ritaya:
Irin waɗannan mata suna nan, na yi aiki da wasu, kuma ɗaya daga cikinsu ta fi mu duka tsabtar rajista. Zan nemi izininta kafin in haɗa ku. Kafin nan, ina da shawara ga Maman 'Yan Biyu. Ki samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, ki kafa shi a fili nesa da bango da bishiya da indararo, ki tokare shi da duwatsu don kada iska ta kayar da shi. Kowace safiya a lokaci ɗaya Hassana ta tsoma rula a tsaye ta karanta zurfin ruwan da milimita, ta rubuta a littafi da kwanan wata, ta zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba ta rubuta sifili, kada ta bar gurbin fanko, domin sifili ma awo ne. Milimita ɗaya a gwangwanin yana nufin lita ɗaya ta zuba a kan kowace murabba'in mita ta tsakar gidanku. Idan aka fassara littafin Anna Mani, ina so a sa wannan bayanin a shafin ƙarshe.

Malamar Firamare:
Baba, ni ma zan kafa ɗaya a bayan ajinmu, in raba wa ɗalibai kwanakin awo, maza da mata. Malam Mai Fassara, idan ka gama zubin farko ka turo mini in karanta wa 'yan aji uku da baki, duk inda suka yi tuntuɓe in sa alama in dawo maka da shi. Zai yi kyau a ce ya kammala kafin 23 ga Maris, ranar yanayi ta duniya, don ya riga damina mai zuwa isa hannun yara.

Mai Fassara daga Damagaram:
Na ɗauka, Malama. Zan turo wa Baba sunayen na'urorin ya duba, Ɗalibar Fiziks ta duba bayanin kimiyyar, Malam kuma ya duba lafazin. Kalma ɗaya ce nake so mu yanke tun yanzu, wato ozon. Ina ganin mu bar ta yadda take, mu bi ta da gajeren bayani cewa wata iska ce a can sama da ke tare mana kaifin hasken rana, sai dai in wani yana da abin da ya fi wannan.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba, mun bi umarninka, mun samu gwangwanin madara babba mun kafa shi a tsakiyar gida jiya da yamma, kuma cikin dare aka yi ruwa. Da safe Hassana ta karanta milimita 17, Husaina ta ce 18 ne, suka kasa daidaitawa, sai na sa suka rubuta duka biyun. Suna tambaya ko rular ce ta karkace, da kuma wanne za su ɗauka idan haka ta sake faruwa.

Baba Mai Ritaya:
Ki gaya musu su ajiye gwangwanin a kan daɓe mai daidai kafin su auna, su yi amfani da siririn tsinke busasshe su tsoma shi a tsaye har ya taɓa gindi, sannan su ɗora jiƙaƙƙen wurin a kan rula daga kan sifili, domin yawancin rulolin makaranta suna da ɗan fili kafin sifilin. Kowace ta auna nata ba tare da ta ga na 'yar'uwarta ba. Idan tazarar ba ta wuce milimita ɗaya ba su rubuta tsakiya, wato 17.5, idan ta wuce kuma su sake aunawa kafin su zubar da ruwan.